Mai Faifai a Rumfar Faranti

A kasuwar Makarfi, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, wata dattijuwa na tsugune gaban rumfar mai faranti. Yatsunta sun rine da baba da karan dafi, da gani ita ta saƙa fayafayan da ke kanta. Da irinsu aka yi mata jere, amma da alama 'yarta farantan Turawa take so a manna mata a bango.

Tana jujjuya wani faranti mai tabo, tana dubawa ko lakar bango za ta rufe tabon.

"Malam, mu yi musaya da faifai uku?"

"Iya, wa ke rataya wannan yanzu?"

Duk da haka ya zari faifai mafi kyau, wanda ta yi wata guda tana saƙawa, ya ɗora takalmansa a kai.