Takalmin da na sayo masa a Bè

Littattafan soyayya da nake haya a bakin kasuwa sun koya mini alamomin so: gumi a goshi, tashin tsigar jiki, sarƙewar murya. Na haddace su tsaf.

Shi kuwa wanda nake so ɗan zemijan ne a da, yana ɗaukar fasinja a babur, har mota ta buge shi, lakarsa ta taɓu a saman gadon baya. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. A kan kekensa na guragu yake gyaran waya, ƙofar gidansu a Zongo. Tawa wayar, ikon Allah, kullum sai ta lalace. Yana sona ne, ko kirki ne kawai? Bai taɓa furtawa ba.

Gab da Sallah na je kasuwar Bè na sayo masa takalmi sau-ciki, baƙi mai sheƙi. Da ƙyar ya cusa ƙafafunsa, muna ta dariya. Can sai ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, tsigar damtsensa ta tashi, muryarsa ta shaƙe. Ya dafe kai. Wayyo daɗi! Na sunkuya ina wasa da bakin mayafi, a raina har na zaɓi ankon biki.

"Kira mini Yaya," ya ce. "Maza."

Na ruga, na ɗauka shaida yake nema.

Yayarsa ta fito da ludayi a hannu. Kallo ɗaya ta yi masa ta miƙar da zamansa, ta ɓalle masa maɓallai, ta duba robar fitsarinsa. Sai idonta ya faɗa kan takalman. Ta fizge su.

"Ke amaryar littafi, kashe mini ƙane za ki yi? Ƙafar ta matsu, saƙon ba ya isa kai. Sai jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, har ya iya yi masa illa a ƙwaƙwalwa. Ko fitsari ne ya taru, haka yake yi."

Na koma gefe na tsaya. Da ciwon kan ya lafa, na ce a hankali, "Ashe takalmi ne, ba ni ba."

Ya yi dariya har kekensa na girgiza. "Ma chérie, masoyiyata, jikin nan ya daina ba da labari daidai. Bar gumina, tambayi bakina."

"To, na tambaya."

"Bayan Sallah kawuna zai je gidanku. Tuni na roƙe shi."

Yaya ta ɗaga ludayi sama ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na kama hanya ina gaida kowa, har na wuce ƙofar gidanmu ban sani ba, sai da mai koko ta ƙwala mini kira.