Ranar da Aka Sallaci Abokina da Ransa

Shekarun baya, ban daɗe da zuwa Tamanrasset daga Damagaram ba, muka kafa 'yar ƙungiyar fim da 'yan'uwa masu aikin gini. Ni ne darakta, ba don na iya komai ba, don kawai wayata ta fi ta kowa ɗaukar hoto. Labarin mutanenmu da ke mutuwa a hanyar sahara muke son yi, mu tura gida.

Akwai jana'iza a labarin. Muka sayo farin yadi a Kasuwar Assihar, ranar Juma'a da la'asar muka fita bayan unguwar Tahaggart. Abokina ya yarda ya zama gawa, yana ta raha wai yau ya samu aikin kwance. Muka naɗe shi, muka ɗaure kai da ƙafa, muka kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Mutum biyar suka yi sahu.

Mun manta cewa mutanenmu ba sa ganin sahun jana'iza su wuce. Ina kallon waya sai na ga sahun yana ƙara tsawo. Masu wucewa ne ke ratsowa daga hanya ɗaya bayan ɗaya. Kafin in buɗe baki wani malami ya shige gaba ya ta da kabbara. Wa zai katse salla? Har aka yi kabbara huɗu likkafanin nan ko motsi bai yi ba, ni kaina na fara tsoron kada abin ya zama gaskiya.

Da aka sallame, wani tsoho ya matso.

"Don Allah ku buɗe mani fuskar in gani. Ɗana ya baro Maraɗi yau shekara biyu, ba labari. Duk inda na ji gawar baƙo sai na je na duba."

Shi da kansa ya durƙusa ya kwance ɗaurin. Abokina ya buɗe ido, hawaye sun jiƙa yadin. Mutane suka ja da baya suna salati, tsohon kuwa yana nan durƙushe.

Na ce, "Baba, ka yafe mana. Fim ne."

Ya daɗe yana kallon abokina, sannan ya ce, "Ni dai don ɗana na yi niyyar sallar nan, ko da shi ne. Kada ku ce mani ba ta karɓu ba." Ya kakkaɓe gwiwa ya tafi.

Mun yi fina-finai da yawa bayan nan, amma wannan ɗaukar ban taɓa nuna wa kowa ba. Kunya nake ji har yau. Labarin da muke kwaikwayo, ga mai shi ya zo gabana da ƙafarsa. Ga waya a hannuna, ga masu kallonmu har Agadas, amma ko sunan ɗan nasa ban tambaye shi ba.