Goyon Elspet

A ƙauyenmu na masunta, can arewacin Sikotilan, tun ba a gina matsayar jirage ba, mata ne ke goya mazajensu cikin ruwa zuwa kwalekwale, don wanda ya jiƙa ƙafa da safe zai wuni yana karkarwa a teku. Elspet, 'yar firit da ita, Allah ya haɗa ta da Dod, wanda ya fi kowa tumbi a garin. Shekara da shekaru tana goyonsa, mata na tsokanarta: "Elspet, yaushe za ki yaye jaririn nan?"

Wata safiya ruwa ya kai mata cinya, sai Dod ya ce daga bayanta, "Ke, kunun yau fa ba gishiri."

Elspet ta tsaya cak, ta ɗan sassauta hannu.

"Maigida, iska ta hana ni ji. Me ka ce?"

Dod ya leƙa ruwan nan mai sanyin ƙanƙara, ya ƙanƙame wuyanta. "Cewa na yi hannunki akwai albarka, uwargida!"

Har ya tsufa, Dod bai ƙara kushe girkinta ba sai in ya ji kansa zaune daram cikin kwalekwale.