Ranar da Mai Guga Ya Miƙe Tsaye

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, aka fara ganin Mai Guga a ofishin tallafin kula da tsofaffi. 'Yarsa ce ta turo shi a keken guragu na aro, wanda tayarsa ɗaya ke ƙara duk inda aka juya. Suka bi layi har suka iso taga ta uku, inda magatakarda ke karɓar sababbin masu nema. Kafin 'yar ta buɗe baki, tsohon ya ɗaga kai ya ƙare wa rigar magatakardan kallo.

Ya ce, "Ɗana, wa ya goge maka rigar nan?"

"Ni da kaina, Baba."

"To ka kai kanka ƙara. Da kwala ake farawa, kai kuwa ka fara da baya."

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. 'Yar ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, haka yake yi wa kowa. Ko likita bai tsira ba."

Tsohon ya yi fiye da shekara arba'in yana guga a ɗakin wanki na wani otal, can ƙasa inda ba taga sai tururi. Bai taɓa ganin fuskar baƙin otal ɗin ba, amma ya san su ta rigunansu: wannan mai gumi ne, wancan matarsa ba ta iya ɗinka maɓalli ba. Matarsa ta rasu 'yar tana sakandare, ta bar masa yara biyu. Babban, namiji, yana aiki a wani gari mai nisa, sai dai waya. 'Yar kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka bai taɓa kama sunanta ba, Uwata yake kiranta. Shi ya riƙa goge mata kayan makaranta har ta gama, ta riƙa fita da karin guga kamar zai yanka hannu, alhali wani lokacin ruwan zafi kawai suka sha suka kwanta. Ba maƙwabcin da ya taɓa sani. In an tambaye shi gida, sai ya ce lafiya lau, kuma da ganin rigarsa ba mai musa masa.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi bayan ya yi ritaya. Hagunsa ya mutu daga kafaɗa har ƙafa, amma hankalinsa da bakinsa ba abin da ya taɓa su. Tun daga nan ta koma uwar tasa da gaske. Da asuba ta ɗaga shi, ta cire zanen gado, ta goge ledar da ke kan katifa, ta yi masa wanka a kan kujerar roba, ta sa masa kunzugun manya, ta ajiye ruwa da abinci inda hannun damansa zai kai, sannan ta ruga shagon ɗinki inda suke ɗinka kayan ma'aikata. Kullum a makare. Mai shagon ya yi mata kara har ya gaji. In ta bar aikin ba kuɗin haya, in ta ci gaba da barinsa shi kaɗai wata rana za ta dawo ta tarar da abin da ba ta so. Abin da ya kawo su taga ta uku ke nan. Ta ji an ce gwamnati na turo mai jinya gida da rana.

Magatakarda ya bi ka'idojin ɗaya bayan ɗaya. Yana da gida na kansa? Ba shi da, haya suke. Fanshonsa bai kai iyakar da ke hana tallafi ba, wannan ya yi daidai. Wa zai riƙa sa hannu a madadinsa? Tunda hankalinsa garau yake, sai shi da kansa ya amince a gaban shaida a ba 'yar takardar wakilci. Tsohon ya karɓi biro ya sa hannu a hankali, ya hura tawadar ko da yake ta riga ta bushe. Sannan magatakarda ya yi bayanin abin da ya rage. Takardar likita kaɗai ba ta isa ba. Za a turo nas har gida ta ga abin da yake iya yi da kansa. Mataki uku ne, kuma na uku ne kawai ake ba mai jinya da gadon asibiti.

Da 'yar ta zo juya keken, magatakarda ya rage murya ya ce mata, "Malama, ranar da nas za ta zo, kada ku gyara komai. Ta same ku yadda kuke."

Ta ce to. Kuma ta yi niyyar yin hakan. Amma da ranar ta zo, ta dubi ɗakin ta ga baƙuwa ce za ta shigo ɗakin ubanta. Ta ce bari dai ta share. Da ta share ta ga ledar katifa, ta ja zane ta rufe ta. Ta tura fo ƙarƙashin gado, ta sa kunzugun a kwali ta ɗora bisa kabad, ta buɗe taga ta fesa turare. Shi kuwa tun da ya farka yake cewa a miƙo masa dutsen guga.

"Baba, malamin nan fa ya ce kada a gyara komai."

"Shi ai da ganin rigarsa kin san ba ya gyara komai. Miƙo mini, Uwata."

Ta jawo masa tebur bakin gado, ta riƙe masa farar rigarsa shi kuma yana gogewa da hannu ɗaya. Ya fara da kwala. Aikin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, ranar sai da ya cinye masa safiya, gumi na ɗiga daga haɓarsa tana tarewa da tawul kada ya ɓata rigar. Rabon da ta ga fuskarsa a sake haka tun kafin ciwon. Ta kasa hana shi.

Nas ta yi sallama, matashiya da jaka a kafaɗa. Sai 'yar ta ga abin da ta yi watanni ba ta gani ba. Tsohon ya damƙi ƙarfen gado da hannun dama, ya cije, ya miƙe tsaye.

"Maraba da baƙuwa. Ga kujera, 'yata. Uwata, kawo mata ruwa."

Bai zauna ba sai da ta zauna. Nas ta fara tambaya. Yana iya wanka da kansa?

"Tun kafin a haifi babanki."

Sa kaya fa? Ya nuna rigar, ya ce ta duba ta gani, shi ya goge ta da safen nan. Bayan gida fa, yana kai kansa, ba ya kufce masa?

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Nas ta juyo. "Haka ne, Anti?"

Tsohon ma ya juyo ya dube ta. Ba harara ba ce, kallo ne kawai. Ita kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa ƙaryata ubanta a gaban baƙo ba. Ta dubi ƙasa ta ce, "Haka ne."

Da ta raka nas ta dawo, ta same shi ya zame daga bakin gado, jikinsa na rawa, wandonsa a jiƙe. Abin da ya fara cewa shi ne ta cire masa rigar tukuna kada ta yamutse.

Sakamako ya fito, mataki na ɗaya: sandar dogarawa da ragin kuɗin magani. Ta koma taga ta uku da takardar a hannu, idonta jawur. Magatakarda ya karanta rahoton, ya kai inda aka rubuta cewa mai nema ya miƙe da kansa, ya yi guga da kansa, 'yarsa ta tabbatar. Bai ce mata ai na gaya miki ba. Ya ce tana da damar ɗaukaka ƙara, za a sake turo wata nas. Ta tambaya ko za ta iya rubuta gaskiyar ta kawo nan, ba sai Baba ya ji ba. Ya ce za ta iya rubutawa, amma ba zai soke rahoton farko ba. Mutum mai hankalinsa, doka ba ta yarda a yanke hukunci a kan jikinsa a bayan idonsa ba, duk abin da za a faɗa sai a gabansa. Ya tura ta wajen lauyar da ke ba da shawara kyauta a hawa na sama, ita ma haka ta ce, ta ƙara da cewa an yi dokar ne don a kare mutuncin tsofaffi.

Da yamma ta kira yayanta.

Ya ce, "To ki faɗa musu mana. Mene ne abin wahala?"

"Yaya, zo ka faɗa. Zo ka tsaya gabansa ka ce yana fitsarin kwance."

Ya ce zai ga abin da zai turo ƙarshen wata.

Ana cikin jiran nas ta biyu, ta dawo daga aiki wata ranar ta same shi kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, leɓensa a bushe, kofin ruwa a kife nesa da shi. Tun azahar yake nan. Ya ce ba komai, ƙasa ta fi sanyi ne ya sauko. A makon nan kuma mai shago ya kira ta gefe ya ce ya sami wadda za ta hau keken ɗinkinta in wata ya ƙare ba a ga canji ba.

Ta zauna bakin gado tana ba shi abinci ta ce, "Baba, in sun dawo, don Allah ka gaya musu yadda abin yake."

"Ƙarya na yi? An tambaye ni, na gode wa Allah."

"Ba godiya suke rubutawa ba, Baba."

"Wato in zauna in kai ƙarar jikina wajen yarinya sa'ar jikata? Ke kin gani, Allah ya gani. Ya isa."

Ranar zuwan nas ta biyu ba ta share ɗakin ba. Tun jiya ta kai dutsen gugar ɗakin maƙwabciya. Da ya ce a miƙo, ta ce ya lalace, wayar ta ƙone. Ya daɗe yana kallonta. Shi da ya yi shekara arba'in da dutsen guga a hannu, ya san warin wayar da ta ƙone, kuma bai ji shi ba. Bai sake tambaya ba. Ya zauna cikin rigar da ya kwana da ita, yana shafa gabanta da tafin hannu ko za ta miƙe.

Wannan nas ɗin babba ce, mai furfura a goshi. Tsohon ya kama ƙarfen gado zai tashi, 'yar ta dafa kafaɗarsa. Aka zo tambayar wanka, ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ba ya iyawa. Ni nake yi masa."

Ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ci gaba ba. Ta yaye zanen gado ta nuna leda. Ta jawo fo daga ƙarƙashin gado. Ta sauko da kwalin kunzugu. Ta faɗi sau nawa take canja masa, ta faɗi ranar da ta same shi a ƙasa, ta faɗi abin da ya faru bayan tafiyar nas ta farko. Ta ɗaga rigarsa ta nuna gyambon da ya fara fita a kwankwasonsa. Duk ba ta dubi fuskarsa ba.

Nas ta ce a hankali, "Baba, haka ne?"

Yana kallon bango. Ya ce, "Rubuta abin da ta ce, Malama. Ban koya mata ƙarya ba."

An ba shi mataki na uku. Aka kawo gado mai ɗagawa, aka turo mai jinya, wata mata mai ƙiba da yawan raha, tana zuwa da safe ta tafi in 'yar ta dawo. Gyambon ya warke, bai sake faɗuwa ba, aikin shago ya tsaya. Ta ɗauko dutsen gugar ta ajiye a kan tebur inda zai gani, har ta rataye farar rigar a jikin ƙofa. Bai taɓa ko ɗaya ba. Bai yi mata faɗa ba, bai ƙi abincinta ba. In ta gyara masa filo sai ya ce, "Sannu da aiki, na gode," yadda yake ce wa mai jinyar. In yana son ruwa ya ce, "A taimaka mini da ruwa." Ta yi ta kasa kunne ko zai manta ya ce Uwata, ko cikin barci ne. Wata rana ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ta yi masa komai ba, abin da ya kamata ta yi, Allah ya yi mata albarka. Ya faɗa da ladabi sosai.

Mai Guga ya rasu ranar Lahadi, uku ga watan Nuwamba, a kan gadon gwamnati, a ɗakinsa, 'yarsa na riƙe da hannun damansa. A mako na gaba ta zo taga ta uku da takardar shaidar mutuwa don a rufe fayil a aiko a ɗauki gadon. Da aka gama, ba ta tafi nan da nan ba.

Ta ce, "Malam, da ban faɗa ba fa?"

Magatakarda ya ce, "Da ba a ba ku ba."

"Na sani," in ji ta. Ta ninke takardarta ta sa a jaka.

Tana nan a shagon ɗinkin har yanzu, kuma ba ta bar ɗakin ba. Yayanta ya zo zaman makoki ya koma da farar rigar. Dutsen gugar yana wajenta.