Mutumin da Dinatu Ta Gani a Bakin Teku

A cocinsu da ke titin Gate City kowa Maman Yemima yake ce mata, sai a wurin aiki ake kiranta Dinatu. Wanki da guga take yi a wani gidan kula da tsofaffi, ranar Asabar kuma ta dafa gwate ta raba wa 'yan Filato masu kewar gida. Ba ta da yawan magana. 'Yarta Yemima ce, da ta samu aikin nas a ƙasar waje, ta ɗauko ta zuwa birnin Greensboro, shekaru kaɗan bayan an kai hari ƙauyensu. Ranar harin mijinta Seth yana gona. An tsinci fartanyarsa da takalminsa ƙafa ɗaya. Shi kuwa ba a gan shi ba, a raye ko a mace.

Da ta cika shekara sittin, Yemima da mijinta Harrison suka ce za su kai ta hutu wani tsibiri a Tailan. Ta ce ita ina ruwanta da teku.

"Mama, tun da kika zo ƙasar nan ba ki taɓa hutawa ba," in ji Yemima. "Mun riga mun sayi tikiti."

Otal ɗin ƙananan ɗakuna ne na katako a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, dab da ruwa. Aka ba ta nata ita kaɗai, amma komai na ciki biyu ne: tawul, kofin shayi, silifa. Ma'aikaciyar da ta rako ta ta tambaye ta da Turanci ko maigidan sai anjima.

"Yana hanya," Dinatu ta ji bakinta ya faɗa. Bayan matar ta fita, ta daɗe tsaye da jakarta a hannu.

Ta saba tashi da wuri, don haka gari na wayewa ta fito baranda. Ruwa ya janye can nesa, ya bar yashi da laka. Sai ta hango wani mutum a sunkuye yana tsintar wani abu yana zubawa a kwando. Da ya miƙe ya dafe ƙugu, ya fara tafiya yana jan ƙafar hagu, kamar yadda Seth yake yi tun da ya faɗi a babur. Ta ce wa kanta masu ɗingishi suna da yawa a duniya. Washegari ta sake ganinsa a wurin, bai juyo da fuskarsa ba.

Wata safiya ta sauka ta bi shi. Laka tana riƙe mata ƙafa, ta bar silifa a ciki. Ba ta lura ruwan ya fara dawowa ba sai da ya kai mata gwiwa, zaninta ya yi nauyi.

"Baban Yemima!" ta kira. Rabonta da kiran sunan nan da ƙarfi tun a gida.

Mutumin bai waiwayo ba. Ya zagaya bayan wani baƙin dutse, bai sake fitowa ba. Ta ɗaga ƙafa za ta ƙara gaba, sai aka cafke mata hannu. Wata tsohuwa ce mai share bakin tekun, 'yar ƙarama amma ga ƙarfi. Ta ja ta har kan busasshen yashi tana faɗa da yarensu.

Da suka huta, tsohuwar ta kai ta gindin wata bishiya inda aka ɗora wani ɗan ɗaki a kan ginshiƙi, bai fi ɗakin tattabaru ba. A gabansa akwai furanni, shinkafa a 'yar tasa, da jan lemon kwalba. Da guntun Turanci da nuni da hannu ta gaya mata cewa shekarun baya teku ya taso ya shanye wurin nan, ya tafi da ɗanta, har yau ba a ga gawarsa ba. Dinatu ta nuna dutsen, ta tambaye ta waye mai kwandon. Tsohuwar ta duba, ta girgiza kai. Masu tsintar kifin kwasfa suna zuwa, ta ce, amma yau ita ba ta ga kowa ba.

Dinatu ta tashi ana gaya mata irin wannan ajiye abinci tsafi ne. Duk da haka ta riƙe hannun tsohuwar, suka tsaya tare a gindin bishiyar. Ta gaya wa Yemima santsi ne ya kwashe ta. Sauran kwanakin ta yi su a lambun otal, ta ba teku baya.

Bayan sun dawo, ta je ta sami Fasto Malachy ta ce tana so a yi wa Seth sujadar ban kwana. Ya dube ta da mamaki, don an sha ba ta wannan shawarar tana ƙi.

"Wace rana za mu ce ya rasu, Mama?"

"Ban sani ba, Fasto. Kada ka faɗi rana."

Aka yi sujadar, coci ya cika, Yemima ta yi kuka sosai. Dinatu ta yi waƙa tare da kowa, idonta a bushe, Litinin ta koma wurin injin wankinta. Da bazara matan zumunta suka shirya cin abinci a bakin wani tafki a hanyar Summerfield. Ta kai musu tukunyarta har tebur, sannan ta koma mota ta ɗaga gilashi, ta zauna a ciki, ba ta dubi ruwan ba har aka tashi.