Takardar Wansa

Shekarun baya, lokacin ina koyar da fizik a lise, wato babbar sakandare, a nan Matameye, na taɓa samun wani ɗalibi da har yau in na tuna shi sai abinci ya fita raina. Waɗanda suka san ni sun san bakina ba ya hutawa. Matata takan ce da surutu noma ne, da rumbu uku ba su ishe mu ba. To, wannan bakin nawa shi ya ja abin da zan ba ku labari.

Yaron ɗan wani ƙauye ne bayan Dawce, mahaifinsa manomin rake. Ranar da na fara lura da shi, kuskure na tafka a allo, na ci gaba da zuba bayani abina. Sai ya ɗaga hannu a hankali, ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami a nan, ya ce, "Mushe, a gafarce ni, in aka bi lissafin nan, dutsen da aka jefa sama ba zai dawo ƙasa ba." Aji ya kwashe da dariya. Na juya na duba, wallahi gaskiyarsa. Na ce musu gwada su nake yi, amma babu wanda ya yarda.

Tun daga ranar na jawo shi jikina. Na kwaso masa littattafaina na jami'a da suka yi shekaru a adaka. Kullum bayan la'asar muna ƙofar gidana a kan tabarma, ina ba shi lissafin da ni kaina sai na yi gumi kafin in warware. Nakan ce masa, "Kai ba za ka tsaya inda na tsaya ba. Za ka yi karatu har ƙarshensa, ka dawo ka koyar a jami'a, 'ya'yan manoma su ga nasu a gaban allo." Sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya sa, Mushe." Ni kuwa a raina an riga an gama, har rigar da zan sa ranar da za a ba shi dokta na zaɓa.

Shekarar da zai yi bak, jarrabawar gama lise, aka buɗe wata gasa ta tallafin karatun injiniya a ƙasar waje. Sharaɗinta guda ne mai tsauri, akwai shekarun da ba a so ɗalibi ya wuce. Ban damu ba, yaro ne ƙarami, ko gemu bai fara ba. Na ce ya kawo mini takardunsa. Da na buɗe takardar haihuwa, sai na ga ta girme shi da shekara huɗu, ta kuma fitar da shi daga gasar.

Na ce, "Kai, waɗannan shekarun na wane ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yayana ne, Mushe."

Ashe yana da wa, wanda aka haifa a likita aka yi masa takarda, ƙyanda ta ɗauke shi yana ƙarami. Shi kuwa a gida aka haife shi, ba a yi masa komai ba. Da masu ɗaukar yara lakwal, makarantar boko ke nan, suka zo ƙauyen suka nemi takarda, sai uban ya ɗauko wadda ke ajiye ya miƙa. Tun daga nan a makaranta sunan mamacin yake amsawa, a gida kuma nasa. Shekara biyu muna zaune a tabarma ɗaya da yaron nan, na san yadda kansa ke aiki, amma ban san sunan da uwarsa ke kiransa da shi ba.

Abokina, wanda ke riƙe da takardun ɗalibai a lise, ya ja ni gefe ya ce, "Ka bar gasar nan ta wuce. Ya yi bak ɗinsa da takardar yadda take, ya shiga jami'a a nan gida. Ba kansa farau ba. Kada garin neman gira a rasa ido."

Na ce, "Haba! Gaskiya ce fa a hannunmu. Yaron bai kai shekarun ba, gyarawa kawai za a yi." Har na ce masa matsoraci. Allah ya yafe mini.

Na hau moto na tafi ƙauyen. Na tarar da uban a cikin rake, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mushe, kai ka san boko. Abin da ka ce shi za a yi." A gida kuwa, uwar ba ta fito ba. Daga bayan zana ta gaishe ni, sannan ta ce, "Mushe, da an bar wanda ya kwanta ya kwanta." Na yi mata dogon bayani a kan jirgin sama da manyan makarantu.

Washegari na wuce Zinder, na shiga ofishin masu kula da jarrabawa, na zazzage labarin kaf da Faransancina mai maiƙo. Mutumin da ke wurin ya bar ni na kai aya. Sai ya cire tabarau ya ce, "Wato kana gaya mini mai sunan da ya ci jarrabawar satifiket, ya ci ta brebe, aka rubuta shi a bak ɗin bana, ya daɗe da rasuwa?" Sannan ya ce, "Tunda ka faɗa a gabana, ba zan yi kamar ban ji ba. Sai gidan shari'a ya raba su biyun kafin ya zauna kowace jarrabawa." Ba mugu ba ne. Har ƙofa ya rako ni, ya ce a hankali, "Ai da ka yi shiru."

Na je neman gasa, na dawo babu gasa babu bak.

Daga nan aka shiga zirga-zirga. Aka ce a kawo shaidar rasuwar yaron da aka binne ba tare da ko guntun takarda ba. Waɗanda suka yi masa sutura, ɗaya ya mutu, ɗaya yana can Najeriya ba a san garin da yake ba. Sau uku ina kai uban ya tsaya gaban mutane yana ba da labarin yadda ɗansa ya cika. Karo na uku da muka fito, sai ya zauna dirshan a bakin hanya.

Ranar bak ta zo. Da safe na hango ɗalibina a tsallaken titi, ya yi wanka, ga alƙalamin bik a aljihun riga, yana kallon 'yan ajinsu suna shiga. Ban iya tsallakawa ba. Na bi ta ƙofar baya kamar ɓarawo. Da sakamako ya fito, yaran da shi yake koya wa lissafi suka ci, aka yi ta guɗa a unguwanni.

Shekara ta zagayo maganar ba ta ƙare ba. Uban ya kwanta ciwon ƙafa, yaron ya karɓi gonar rake. Ina zuwa ina cewa bana za a gama. Rannan sai ga yaron da buhu a ka. Littattafaina ne, ya yi wa kowanne bango da takardar siminti. Ya ce, "Mushe, ka huta haka nan. Tsohuwa ta ce kada a sake kiran sunan a gidan shari'a, ni ma na gaji da ganin tana kuka." Na karɓi buhun na shigar da shi ɗaki.

Yanzu injin ban ruwa yake gyarawa a bakin kasuwa. Masu lambu daga Yauri har Kurni wurinsa suke zuwa, kuma injiniya suke kiransa. Duk lokacin da na ji, sai in ji kamar an soka mini ƙaya. Mutane sukan ce mini rabo ne, kuma na yarda da ƙaddara. Amma na san ta bakin wa ta biyo. Na so yaron, wannan ba ƙarya ba ne, sai dai na fi sauraron burina a kan mutanen da suka fi ni sanin ciwon. An gaya mini sau biyu, ban ji ba. Na koyar da ɗalibai masu kai bayansa, amma ban sake ce wa kowa zai zama wani abu ba. Ba na jin na warke, kuma ba na jin zan warke.

Bara, gab da buɗe makarantu, ɗalibin nawa ya yi sallama a ƙofar gidana riƙe da hannun 'yarsa. Muka gaisa, ya zaro wata takarda naɗe cikin leda ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Mushe, bana za ta shiga lakwal, kuma da alama tana da kai. Wannan tata ce, tun kafin suna na yi mata. Ka buɗe ka duba tun yanzu."

Wallahi babu gori a muryarsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Na warware ledar, na riƙe takardar na daɗe ina kallo. Na ce masa daidai take, alhali hawaye bai bar ni na ga ko harafi ɗaya ba.