Sunan da Goggo Iyatu Ba Ta Faɗa

Goggo Iyatu yayar mahaifina ce, kuma duk wanda ya taɓa karyawa a layinmu na New Bell, a birnin Duala, ya san ta. Shekara ashirin da shida tana soya makala, wato fanke, tana dafa wake a ƙofar gida, ƙarƙashin wata rumfar kwano mai yoyo, daga idar da sallar asuba zuwa hantsi. A unguwar aka haife ta, a nan aka haifi ubanta. Kakanta ne ya biyo fataken goro daga ƙasar Hausa, da ya ga teku ya ce tafiya ta ƙare. Ta yi boko zuwa aji shida, ta auri direban babbar mota mai bin hanyar Ngaundere, ta haifa masa biyar, da ya rasu ta riƙe gidan da kaskon suya. Mace ce mai baki. In ta kwaikwayi tafiyar mai unguwa a gidan biki, ko muryar masu karɓar haraji a kasuwa, sai mata sun riƙe ciki.

Amma bakin nan bai taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Affan sunansa. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, gida uku tsakani, ya tashi cikin ƙannen uwarsa yana kiranta Yaya kamar yadda ya ji suna yi. Ita kuwa "wannan" take ce masa. Ku gaya wa wannan abincinsa na hucewa. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda yake zaune. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, tsofaffi ma yaba mata suke yi. Ni dai abin haushi yake ba ni, domin na yi makaranta da 'ya'yan Duala, na ga uwayensu na rungume su a ƙofar makaranta ba wanda ya mutu. Shi kuwa Affan bai taɓa yin ƙorafi ba.

A daminar bara wata cibiyar al'adu da ke unguwar Bonapriso ta shirya horo na mako uku ga 'yan wasan kwaikwayo da masu ba da umarni. Daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, ba waya, ba takalmi, ba fashi. A ƙarshe za a zaɓi mutum huɗu su shiga ƙungiyar cibiyar na shekara biyu. Ni na ɗauki hutuna daga ofishin inshorar da nake aiki a Bonanjo, na shiga ɓangaren ba da umarni, in an ɗauke ni to, in ba a ɗauke ni ba kujerata na nan. Affan ba haka ba. Shekara tara yana ofishin fiton kaya a tashar jirgin ruwa, ya nemi hutu aka hana shi, ya ajiye aikin. Yana da shekara talatin da ɗaya, da mata da 'ya ɗaya. Da aka gaya wa Goggo, ba ta ɗago daga kasko ba, ta ce wannan dai ya san abin da yake yi.

Mai horar da mu Madam Endale ce, wata 'yar siririyar tsohuwa da ba ta ɗaga murya, amma in ta cire tabarau kowa ya shiga taitayinsa. Wasa ɗaya ta ba mu, tsohon rubutun Turawa da ya haura shekara ɗari uku. Gari ne maƙiya suka kewaye, suka ce ba za su tafi ba sai an miƙa musu ɗan sarki. Yaron ya yarda, uwarsa ta tare shi a ƙofa. Madam ta raba mu rukuni rukuni, ta ce kowa ya juya nasa kashin zuwa harshen da yake mafarki da shi. Kashin ƙofar nan ya faɗo mana, muka mayar da shi Hausa. Affan ne ɗan sarki, wata Aminat uwa, ni mai umarni. Layi ɗaya sai a maimaita shi sau arba'in. Awa guda ana koyon numfashi, awa guda ana koyon yadda mutum zai tsaya bai yi komai ba. Mu ashirin da biyu muka fara, kafin mako na biyu ya ƙare saura sha biyar.

Ni na samo wa Goggo aikin kawo abincin rana. Takan iso da kuloli a bayan babur, ta zuba wa kowa, sannan ta zauna a bakin ƙofar zauren tana jiran kwanoni. Ashe duk abin da muke faɗa yana shiga kunnenta.

Saura kwana biyar a nuna wasan a gaban alƙalai, babur ya kayar da Aminat a cikin ruwan da ya cika titi, ƙafarta ta karye. Madam ta jajanta, sannan ta ce doka ba ta canza ba: kashin da ba shi da cikakkun 'yan wasa ba za a kalle shi ba. A duk zauren ba wata mace mai jin Hausa sai ni, ni kuma an hana mai umarni hawa dandamali. Na ga fuskar Affan ta yi fari fat. Muna tsaye cirko-cirko sai na ji Goggo tana tattara kwanoni tana faɗin layukan Aminat ƙasa-ƙasa, har da inda Aminat ke jan numfashi, tana yi mata shaƙiyanci. Ba ta tsallake kalma ɗaya ba.

Ni na kawo shawarar Goggo ta maye gurbin Aminat, ba zan ɗora wa kowa ba. Madam ta yarda, tunda Affan za a auna ba uwar ba. Goggo ta ce in rufa mata asiri. Na ce mata in ba ta hau ba, aikin da Affan ya bari ya tafi a banza. Ta daɗe tana goge murfin kula ɗaya, sannan ta tambayi ƙarfe nawa ake farawa.

Ranar farko ta ba kowa mamaki. Muryarta ta cika zauren, fushin uwar da magiyarta duk suka fito. Sai dai duk maganar bango take yi wa. In Affan ya matso dama ta juya hagu. A ƙarshen kashin uwar za ta kama fuskar ɗanta da hannu biyu, ta kira sunansa, ta ce kada ya fita. Goggo takan zo daidai nan ta tsaya, hannuwanta a cikin mayafi, ta haɗiye sunan ɗan sarkin ta wuce. Madam ta ce a sake. Aka sake sau goma sha ɗaya. Na yi mata bayani cewa a al'adarmu uwa ba ta yi wa ɗan fari haka. Madam ta cire tabarau ta ce ta fahimta, kuma tana girmama hakan, amma ɗan wasa da abin da aka ba shi yake mayar da martani, shi kuwa Affan ba a ba shi komai, don haka ba ta ga abin da za ta auna ba.

Kwana uku muna haka. Goggo ta daina suyar safe, karo na farko tun takabarta, mutanen layi suna ta aiko tambaya ko lafiya. Affan ya rame. Yana ba da amsoshinsa daidai, yana kallon ƙeyar uwarsa. Ana gobe za a nuna, raina ya ɓaci, na same ta a bayan zauren tana alwala na faɗa mata abin da bai kamata 'yar ƙani ta faɗa ba. Na ce kunyarta za ta raba shi da aiki biyu a wata ɗaya. Na ce wasa ne, sunan ma ba nasa ba ne, na wani Bature ne da bai taɓa rayuwa ba.

Ta ƙarasa wanke ƙafarta kafin ta amsa. "Latifa, ke kina gani wasa. Ni in na ɗaga ido, ba ɗan sarki nake gani ba."

Ranar Asabar da la'asar aka yi. Ruwa na dukan rufin zauren, mutum kusan ɗari a zaune, har da matan layinmu da suka zo ganin abin da ya hana Iyatu suya. Madam da wasu alƙalai biyu suna gaba da takardu. Ni ina gefe. Kashin ya fara kamar kullum, tana magana tana kallon bango, shi yana biye da ita. Na ga ɗaya daga cikin alƙalan ya rubuta wani abu, na ce shi ke nan.

Affan ya juya zai nufi ƙofa. Sai ta sha gabansa. Ta fiddo hannuwanta, hannuwan nan da mai ya ƙone su tabo-tabo, ta kama fuskarsa, ta dube shi. Na ga leɓenta na neman sunan Baturen. Abin da ya fito daban ne.

"Affan," in ji ta. "Affan, kada ka fita."

Wata tsohuwa a layin baya ta yi salati. Layinsa na gaba gajere ne, kalma shida, ya faɗe su ya fi sau ɗari biyu. Bai faɗa ba. Yana tsaye, fuskarsa a hannunta, bakinsa a buɗe. Na raɗa masa layin daga gefe, na sake raɗawa da ƙarfi har na gaba suka ji. Ko motsi bai yi ba. Bayan wannan layin akwai dogon jawabin da ɗan sarki zai yi, wanda a kansa ne za a auna shi, mako uku yana gina shi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai ji ruwan sama, na ji kujera ta yi ƙara. Daga ƙarshe Madam ta ce an gode, da murya mai taushin da ban taɓa jin ta da ita ba.

Kafin magariba aka karanta sunaye huɗu. Babu nasa. Madam ta riƙe hannunsa ta ce abin da ta gani gaskiya ne, amma ba wasa ba ne, kuma ba za ta iya ba da gurbi a kan jawabin da ba a yi ba. Na ji haushinta, na kuma san ba ta yi ƙarya ba. Haushin kaina ya fi yawa.

Na fito na tarar da Goggo a bakin titi, ta ɗaure kulolinta tana jiran babur, ruwa na zuba a mayafinta. Affan ya zo ya tsaya kusa da ita, kusa fiye da yadda ya saba. Ba ta dube shi ba. Ni ta yi wa maganar, ta ce in gaya wa wannan ita ta ɓata masa, ya yafe mata.

"Yaya," ya ce, "sake kiran sunana."

Ta gyara ɗaurin kular da ba ta kwance ba. Babur ya tsaya, ta hau, ta ce wa mai babur New Bell. Har ya tayar, ta dafa kafaɗarsa ya dakata. Tana kallon gaba ta ce, "Ka shiga daga ruwan nan, Affan. Ka bar aiki, kada ka ƙara da ciwo."